Jak ɗin mai faci ya lanƙwasa min ƙasan Corolla, yaya zan kiyaye gaba?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin masu sanin mota, musamman makanikai da masu gyaran jiki.

Corolla ce da ni, ƙirar 2007, 'yar Amurka, shekarata huɗu da ita. Ranar Asabar da ta wuce muna dawowa daga Zariya da iyali, mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai na ji sitiyari yana jana hagu. Na gangara gefe na duba, ƙusa ce a tayar gaba ta ɓangaren direba. Da yake da sauran iska, na lallaɓa har wurin wani mai faci. Jak ɗina yana cikin but, wanda ya zo da motar, amma yaron ya ce in bar shi, nasu ya fi sauri. Ya jawo babban jak ɗin nan mai taya, ya tura ƙarƙashin ƙofar direba ya fara bugawa. Ni kuma hankalina yana kan yara da suka sauka suna neman tsallaka titi wurin mai rake. Sai na ji ƙwas, kamar an taka gwangwanin madara. Na ce lafiya? Ya ce ba komai Alhaji, haka suke yi.

Washegari da safe na kai ta wanki, na durƙusa na leƙa. Wannan leɓen ƙarfen da ya bi ƙasan dokin ƙofa daga tayar gaba zuwa ta baya, ya kwanta ciki kamar tsawon tafin hannu. Baƙin abin nan mai kama da kwalta da aka shafe wurin da shi ya ɓantare, ƙarfe yana nan fili, har ya fara yin ja. Kuma na lura wurin da ya ɗora jak ɗin ya kusa tsakiyar ƙofa, ba kusa da taya ba.

Abin ya dame ni sosai. Motar nan adashi da rancen wurin aiki na haɗa na saye ta, kuma abin da ya sa na zaɓe ta a cikin guda uku da aka nuna min shi ne ƙasanta garau yake, babu tsatsa ko kaɗan. Damina kuma ga ta nan tafe.

Tambayoyina: wurin da ya lanƙwashe yana gyaruwa ko sai an yanke an yi walda? Sannan me ake ɗorawa tsakanin jak da mota don kada haka ta sake faruwa? Wani abokin aikina ya ce katako, wani ya ce tsumma a ninka, wani ya ce a Turai akwai wata roba da ake sayarwa musamman don haka. Kuma a ina ne ainihin wurin da ya kamata jak ya taɓa? Littafin motar bai zo da ita ba.

Oga Fanel

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Aikina ke nan, gyaran jikin mota, kuma da wuya sati ya wuce ban kwanta ƙarƙashin mota na ga irin wannan ba. Yawanci ma mai motar bai sani ba sai ya zo gyaran wani abu daban.

Bari in fara da yadda wurin yake, don in ka gane shi sauran mai sauƙi ne. Corolla ba ta da shasi daban irin na Hilux ko babbar mota. Jikin nata shi ne shasinta. Dokin ƙofar nan da kake gani kamar dogon akwati ne, cikinsa rami. Fallen ƙarfe na waje da na ciki ne aka haɗa bakinsu a ƙasa aka bi da waldar ɗigo-ɗigo, shi ne leɓen da kake magana. Kowane falle kaurinsa milimita ɗaya ne ko da ɗan wani abu. A wurare huɗu kaɗai kamfani ya ƙara wani ƙarfe a ciki don ɗaukar nauyi: bayan tayoyin gaba biyu da gaban tayoyin baya biyu. Ka sa hannu ka shafa leɓen daga bayan tayar gaba, ba za ka yi taƙi guda ba za ka ji 'yan tsaga biyu ƙanana kusa da juna. Tsakaninsu shi ne wurin jak. A wasu motocin kamar Golf alamar 'yar kusurwa uku ce a jikin dokin ƙofar. Tsofaffin Marsandi, 190 da V-Boot, su rami ne da su a gefe da ake zura hancin jak. BMW kuma wata roba ce mai kusurwa huɗu a maƙale a ƙasa.

To yaron nan kuskure biyu ya yi. Ya sa a inda babu ƙari, sannan kan jak ɗinsu kwano ne na ƙarfe mai haƙora. Motarka ta kusa kilo 1,200. Idan ka ɗaga ta daga tsakiyar gefe, kusan tayoyi biyu kake neman ɗagawa, duk nauyin nan a kan bakin ƙarfen da bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Kuma jak mai taya ba miƙe yake tashi ba, hannunsa yana zagayowa ne, dole tayoyinsa su riƙa gangarowa ciki yayin da mota ke tashi. In a kan ƙasa ko tsakuwa yake, tayoyin ba sa motsi, sai ya riƙa jan leɓen zuwa gefe. Shi ya sa ka ga ya kwanta, ba dagargajewa ya yi ba.

Gyara kuwa, in dai waldar ba ta buɗe ba, ba sai an yanke ba. Da filaya mai kullewa ko sifana mai daidaitawa ake kama leɓen a riƙa miƙar da shi kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. Kada ka yarda wani ya kawo wutar gas ya ce zai gasa wurin ya yi laushi. Wuta tana ƙone fentin da ke cikin akwatin, inda hannu ba ya kaiwa, daga nan tsatsa za ta fara ci daga ciki. Ga kuma fayif ɗin mai da na birki suna bin ƙasan motar ba nisa da wurin. In an miƙar, a goge da burushin waya har ƙarfe ya yi fari, a shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a bar shi ya bushe sosai, sannan a bi da baƙin shafin ƙasan mota. Baƙin mai na inji da wasu ke shafawa ba magani ba ne, ƙura kawai yake kamawa, kuma yakan kumbura robar da ya taɓa.

Abu ɗaya da mutane ba sa lura da shi: a jikin leɓen nan akwai 'yan ƙofofi da ruwa ke tsiyayewa daga cikin akwatin. Idan ya kwanta yakan toshe su. Ka sa a zura waya a tabbatar a buɗe suke kafin a shafa komai.

Maganar abin ɗorawa: tsumma ba ya komai, ka manta da shi. Katako yana yi amma da sharaɗi. Ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ka nemi guntun maɗaci ko wani icce mai tauri, faɗin tafin hannu, kauri kamar yatsu uku. Kafinta ya yi masa tsaga da zarto, faɗinta ya ɗan fi kaurin leɓen. Ka tsaya a kansa ya yi tsagar a gicciye, ba bin jijiyar iccen ba. In ya bi jijiya, leɓen zai zame masa gatari, ya raba shi biyu kamar faskare, mota ta faɗo. Na ga an yi.

Maman Sultan

Oga sannu da ƙoƙari, na ƙaru. Ni Accord nake ja, 2005, wadda ake kira EOD, kuma ni kaɗai nake zuwa Gumel wurin aiki duk Litinin. Sau biyu ina canza taya da kaina. To shi wannan katakon, a kan ƙaramin jak ɗin da ya zo da mota ma ana ɗora shi? Don ni tsoron da nake ji kada ya kankare fenti, har na taɓa ninka kwali na sa.

Oga Fanel

Hajiya, a'a, kada ki ɗora komai a kan wannan. Ki dubi kansa da kyau, za ki ga dama an yi masa wurin zama daidai da wurin jak na motarki. Duk abin da kika sa a tsakani, kwali ko katako, rage masa kamu kika yi, kuma ƙara tsawo kika yi a kan abin da gindinsa bai kai faɗin faranti ba. Ɗan kankarewar fenti ana shafe shi daga baya. Katakon na jak mai taya ne da jak mai kwalba, waɗanda kansu ba shi da tsaga. In katako za ki sa wa ƙaramin jak, a ƙarƙashinsa za ki sa, falle mai faɗi, don kada ya nutse.

Tsohon Direba

Salamu alaikum. 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Na yi shekaru ina jan motar haya tsakanin Kano da Maiduguri, daga 504 har zuwa Sharon, yanzu ido ya hana. Jikana ne yake rubuta min wannan.

Duk abin da Oga ya faɗa gaskiya ne, amma ina so Baban Hanifa ya sani ya yi arziki da ƙarfe kawai ya lanƙwashe. A gabana, a wata tasha bayan Potiskum, wani yaron mota ya shiga ƙarƙashin bas yana ɗaure salansa, motar tana kan jak mai kwalba shi kaɗai. Babu wanda ya taɓa ta. A hankali jak ɗin ya riƙa sauka saboda robar cikinsa ta mutu, mai yana komawa. Mu shida muka ɗaga ta da hannu aka jawo shi. Ya rayu, amma kafaɗar nan ba ta sake ɗaukar jarkar ruwa ba. Tun ranar ban sake yarda wani ya sa ko hannu ƙarƙashin motata tana kan jak kawai ba.

Ga yadda aka koya mana, kuma har na ajiye tuƙi ban canza ba. Ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, ko da za ka ja tayar a sace taku ashirin. Ka ja hambirki, ka sa giya ɗaya, in mai canza giya da kanta ce ka sa ta a P. Weji kuma a tayar da ke kusurwar can, wato in ta gaban hagu za ka cire, ta bayan dama za ka tokare, gaba da baya. Hambirki tayoyin baya kawai yake riƙewa, don haka ranar da za ka ɗaga baya, weji a gaba ya zama dole. Ka sassauta notuna tun mota tana ƙasa, zagaye ɗaya ya isa. Masu tsalle a kan sifana mota tana sama su ne suke tunkuɗe ta daga kan jak. Kafin ka cire tayar, ka kwantar da safaya a ƙarƙashin dokin ƙofa kusa da jak. In ka cire mai facin ka musanya su. Ko ta zame, a kan rim za ta sauka, ba a kan diski ko ƙafarka ba.

Bulo na siminti kuma ku rabu da shi. Ba ya gargaɗi. Katako zai yi ƙara, zai tsage a hankali ka ji, shi bulo lokaci ɗaya yake wargajewa.

Sai yashi. Mu da muka bi hanyar gabas mun san shi. Ban taɓa tafiya babu falle katako a ƙarƙashin kujerata ba. Kwalta ma a watan Afrilu da tsakar rana laushi take yi, gindin jak ya shige ta gefe ɗaya ya karkace. Hajiya mai zuwa Gumel, wannan maganar taki ce musamman. Ki sa a yanko miki falle kamar faɗin tire, ki ajiye tare da safaya. Allah ya tsare mu duka.

Faci Sana'a

Ni mai faci ne a Kaduna, kuma ba zan kare abin da yaron nan ya yi ba, ya yi kuskure. Amma Alhaji ka yi haƙuri in faɗi ɓangarenmu. Yawancin yaranmu a kan Keke Napep da bas suka koyi aiki, babu wanda ya taɓa nuna musu tsagar nan. Kuma mai mota yakan zo a gaggauce, yana cikin mota ma bai fito ba, yana cewa a yi sauri. Wasu motocin an sa musu robar ado a gefe ta rufe wurin, sai ka kwanta ƙasa kafin ka gan shi. In ka fito ka nuna da yatsa ka ce nan za ka sa, babu yaron da zai ƙi.

Ni abin da nake amfani da shi ba katako ba ne. Wurin masu yin takalmin taya na je suka yanko min tsokar tayar babbar mota, suka zagaye ta daidai kwanon jak ɗina, guda biyu na haɗa, na yi wa ta saman tsaga. Ta fi shekara biyu tana aiki. Roba ba ta tsagewa kuma ba ta zamewa a kan ƙarfe. Robar da abokinka ya ce ana sayarwa a Turai kusan haka take, wasu can ma ƙwallon wasan ƙanƙara suke yankawa, wannan baƙin mai kama da tuwon madara. Ka dai duba kada wayoyin cikin tayar su fito waje, su ma suna kankare fenti.

Inda na fi ganin ɓarna ma ba leɓen ba ne. Yaro ya leƙa ya ga abu mai faɗi a ƙasan inji ya ɗauka ƙarfe ne mai ƙarfi, alhali farantin da baƙin mai ke taruwa ne. In ya lotsa ciki, yana iya matse bakin abin da ke zuƙo mai, inji ya riƙa aiki da ƙishi har ya buga. Haka tankin mai, haka salansa, haka ƙasan daɓen mota inda kake ajiye ƙafa. Ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya a ƙananan motoci shi ma kada a sa jak a tsakiyarsa sai in littafin motar ya ce a sa, don in ya ɗan lanƙwashe taya za ta riƙa cin gefe ɗaya, alaimen kuma ba ya gyara shi.

Abu Muhsin

Ƙarin bayani ga waɗanda suka mayar da motarsu gas. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa sun sa CNG, ni ma na sa wa Sienna ta. Tukunyar tana baya, amma akwai siririn fayif na ƙarfe da ya taso daga can ya bi ƙasan mota har inji, kuma in tukunya ta cika ƙarfin iskar da ke ciki yana kai bar 200 a ma'aunin matsin iska. Ba kamfanin motar ne ya shimfiɗa shi ba, don haka kowane mai haɗawa da inda yake bi da shi. Nawa kusa da leɓen dama ya bi. Na sa an ɗaga motar na ga hanyarsa da idona, yanzu duk inda za a sa jak ni nake durƙusawa da kaina.

Baban Hanifa

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Baba Tsohon Direba, Allah ya ƙara lafiya, a gaishe da jika.

Jiya bayan la'asar na kai ta wurin wani mai gyaran jiki a unguwarmu, na karanta masa abin da Oga ya rubuta. Da farko ya so ya kunna gas, na ce a'a. Da filaya ya miƙar, bai kai awa ɗaya ba. Bai koma kamar na kamfani ba, akwai ɗan kwarkwaɗa in ka shafa, amma ya tsaya miƙe kuma waldar ba ta buɗe ba. Maganar ƙofar ruwa gaskiya ce, ɗaya tana daidai wurin, a matse. Da ya zura waya sai ga laka da ruwan wankin ranar Lahadi suna ɗiga. An shafa jan fentin, gobe za a bi da baƙin.

Na kuma shafa na samu tsagogin duka huɗu, na ɗiga wa kowanne farin fenti a gefen dokin ƙofa yadda za a gani ba sai an kwanta ba. A ɓangaren baya na dama na tarar da wata tsohuwar lanƙwasa daidai kan wurin jak ɗin, da alama tun kafin motar ta zo hannuna, har tsatsa ta ɗan kama ta. Oga, wannan ita ce ta fi damuna yanzu. Na ƙwanƙwasa da sukudireba, ƙarar ƙarfe take yi, bai huje ba. Za a iya ci gaba da sa jak a wurin bayan an miƙar, ko sai an ƙara masa ƙarfe?

Malam mai faci, in za ka taimaka da hoton robar taka daga gefe, ina so in nuna wa masu takalmin taya zurfin tsagar.